Taura biyu ba ta taunuwa: yadda ake canja wuta a layin jirgin ƙasa na wasa da gidajen Kurfai

A ƙasar Kurfai babu layin dogo. Wanda ya tashi daga Abala ya bi ta Filinge ya gangara Balleyara, ba zai ga ƙarfen jirgi ba sai ya isa Yamai, inda layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016 ya kama hanyar Doso, kilomita kusan 140, yana kwance babu jirgin da ke jigila a kansa. Kano ta ga jirgi tun 1911, na Kano zuwa Maraɗi kuwa sai a 2021 aka ƙaddamar da aikinsa. Don haka ba laifi ba ne mai karatu ya tambaya: mu da ba mu da na gaske, me ya haɗa mu da jirgin ƙasa na wasa, balle wayoyin da ke ƙarƙashin teburinsa?

Abin da ya haɗa mu shi ne matsala ɗaya. Masu wannan wasa sun shafe shekara talatin suna fama da wuta iri biyu da ke neman bi ta waya ɗaya. Mai shagon cajin waya a kasuwar Abala da ke da panon sola a kan rufi da gurup, wato janareta, a bayan shago, da maigidan Filinge da ke da kuran na kamfanin wuta NIGELEC da batir a ɗaki, su ma abin da ke gabansu ke nan. Bambancin kawai, a teburin wasa wutar ba ta wuce volt goma sha wani abu ba, kuskure yana cin kuɗi ne, ba ya cin rai. Wuri ne mai kyau na koyon darasin kafin a taɓa ta bango.

Wasan kansa ba na yara ba ne kamar yadda sunan ke nunawa. A Jamus da Ingila da Amurka da Japan, dattawa masu furfura ne ke ware ɗaki guda su gina gari da tasha da gada da tsauni, su shimfiɗa layi, jirage na kai da kawowa. Girman da aka fi yayi shi ne wanda ake kira HO, inda komai yake kashi ɗaya cikin 87 na ainihinsa, tazarar ƙarafan layin biyu kuma milimita 16.5. A birnin Hambag na Jamus akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, layin da ke cikinsa ya haura kilomita 16. A jami'ar MIT ta Amurka, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar jirgin wasa a 1946 sun riƙa sarrafa layinsu da kayan tsohuwar wayar tarho, kuma daga cikin masu rarrafe a ƙarƙashin teburin nan aka samu wasu na sahun farko a harkar rubuta manhajar kwamfuta.

Layin ake ba umarni, ko jirgin?

Babu batir a cikin jirgin. Ƙarafan layin guda biyu su ne wayoyin: wuta ta hau ta tayoyin gefe ɗaya, ta juya ɗan injin da ke cikin kan jirgin, ta sauka ta tayoyin ɗaya gefen. A tsohon tsari, wanda ake kira DC, wutar irin ta batir ce, mai tafiya ta fuska ɗaya. Akwai akwati mai taransifoma da ke rage kuran na bango zuwa volt 12, da wani maɓalli da ake murzawa. Ka murza kaɗan, jirgi ya fara rarrafe. Ka murza duka, ya zabura. In kana son ya yi baya, sai ka tura wani makunni da ke juya wayoyin, ƙarfen da ke ɗauke da alamar tarawa ya koma na ɗebewa. Ke nan ba jirgin kake ba umarni ba, layin kake ba. In ka ɗora jirage biyu a layi ɗaya, tare za su tashi, tare za su tsaya.

Masu dabara sun samo mafita tun da daɗewa: a yanyanka layin gida-gida, a bar ɗan tsagi tsakanin kowane yanki da na gaba, kowane yanki a ba shi makunninsa da zai zaɓi akwatin direba na farko ko na biyu. Yana aiki, amma mai tuƙi yakan shagala da tura makunnai har ya manta da kallon jirginsa, ƙarƙashin tebur kuma ya cika da waya.

Sabon tsari ya juya lissafin. Tun 1979 kamfanin Hornby na Ingila ya fito da nasa mai suna Zero 1, Märklin na Jamus ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, sai dai kayan wannan ba sa jin yaren wancan. Wanda ya yi nasara shi ne tsarin da kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙira, saboda ƙungiyar masu jirgin wasa ta Amurka, NMRA, ta ɗauke shi a farkon shekarun 1990 ta mai da shi ƙa'idar da kowane kamfani zai iya bi. Shi ake kira DCC.

A nan wuta ba ta sauka daga layi. Kullum akwai volt kusan 14 zuwa 16 a kan ƙarafan HO, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye. Kuma ba ta fuska ɗaya take tafiya ba: tana juyawa, gaba, baya, gaba, baya, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan juyin aka ɓoye saƙo. In juyin ya yi gajarta, kashi 58 cikin miliyan na daƙiƙa, to lamba 1 ke nan. In ya ɗan daɗe, kashi 100 ko fiye, lamba 0 ce. Da 1 da 0 ɗin nan akwatin sarrafawa ke rubuta wasiƙa: ga lambar jirgin da ake nufi, ga abin da zai yi, ga ɗan lissafin tabbatar da saƙon bai gurɓace a hanya ba. A cikin kowane kan jirgi an dasa wata ƴar na'ura da ba ta wuce ɗan yatsa ba, dikoda, wadda ke miƙar da wutar ta mai da ita ta batir, ta karanta saƙon, ta ba injin gwargwadon abin da aka umarta. Kamar makiyayin da ya tsaya a bakin rijiya ya kira saniya da sunanta: garke duka ya ji, wadda aka kira kaɗai ke ɗago kai. Kowace sabuwar dikoda tana zuwa da lamba 3, sai mai ita ya sake mata. Da haka jirage goma za su yi yawo a layi ɗaya, wannan na gaba, wancan na baya, wani na tsaye fitilarsa a kunne.

To tunda sabon ya fi, me zai hana a watsar da tsohon? Kuɗi, da farko. Mai jirage arba'in dikoda arba'in zai saya. Tsofaffin jirage da yawa injinsu manne yake da gangar jikin ƙarfe, sai an raba su kafin a dasa dikoda, wasu ma ba su da wurin da za ta shiga. Ga aboki da zai zo da jirginsa na gado. Ga kuma al'ada mai kyau ta gwada sabon jirgi a tsohon tsari kafin a buɗe cikinsa, don in yana da ciwo a gane ba dikoda ce ta jawo ba. A ganina masu riƙe tsarin biyu ba masu ƙin ci gaba ba ne. Lissafinsu ɗaya da na wanda ya sa pano amma bai sayar da gurup ɗinsa ba.

Abin da ke faruwa in an yi kuskure

In ka ɗora tsohon jirgi marar dikoda a layin DCC, ba zai motsa ba, sai dai ka ji yana wani siririn kuka. Wutar na tura injin gaba da baya daidai wa daida, sau dubbai a daƙiƙa, ƙarfin da bai zama tafiya ba kuwa zafi yake zama. Injin mai ƙwari zai jure na ɗan lokaci. Ƙananan injuna na zamani marasa ƙarfe a tsakiya kan ƙone nan da nan. Wasu akwatunan DCC suna da dabarar tuƙa jirgi ɗaya marar dikoda, ta hanyar tsawaita rabin juyin lamba 0 har wutar ta karkata gefe guda, amma kukan da zafin suna nan, kuma yana rage saurin saƙonnin sauran jirage. Dabara ce ta a fita kunyar baƙo, ba ta kullum ba.

In aka yi akasin haka, jirgi mai dikoda a layin DC, abin da sauƙi. Yawancin dikodoji suna gane wutar batir su bi ta, muddin an bar musu wannan izini a wani saiti da ake kira CV29. Sai dai jirgin ba zai tashi ba sai wutar ta kai volt biyar ko fiye, don dikodar ma sai ta ci nata kafin ta farka. Izinin kuma yana da nasa sharrin: wani lokaci a layin DCC, in saƙo ya gurɓace, dikoda kan ɗauka wutar batir ce ta cika layi, ta saki jirgi da cikakken gudu har ya faɗo daga tebur. Shi ya sa waɗanda suka bar tsohon tsari gaba ɗaya suke kashe saitin.

Waɗannan biyu ƙaramar asara ce. Babbar ita ce akwatunan biyu su haɗu a kan ƙarfe ɗaya. Akwatin DCC an gina shi ya fitar da wuta, ba a gina shi ya karɓa ba. Yana da mai tsaro da ke yanke wuta in wayoyi suka haɗe, amma wannan mai tsaron abin da ke fita yake dubawa. In volt 12 na tsohon akwati suka shigo ta baya, a rabin kowane juyi wutar biyu suna fuskantar juna, bambancinsu ya doshi volt 26 ko fiye, a kan ƙananan kayan da ba a yi su don haka ba. Kafin ka kai hannu ka ji ƙauri.

Makunni mai ƙafa shida

Maganin bai kai kuɗin dikoda ɗaya ba. Makunni ne mai ƙafa shida a bayansa, jere biyu, uku-uku, da hannu mai tsayawa wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. Ƙafafu biyu na tsakiya su ake kai wa layi. Biyu na gefe ɗaya a ɗaura musu wayoyin akwatin DC, biyu na ɗaya gefen wayoyin akwatin DCC. A cikin makunnin akwai harsuna biyu na ƙarfe da ke tafiya tare. Hannu ya yi nan, layi ya sha daga DC. Ya yi can, ya sha daga DCC. Ya tsaya tsakiya, layi ba ya shan komai. Harshe ɗaya ba zai taɓa gefe biyu a lokaci ɗaya ba, don haka ko mai tuƙi ya yi mantuwa, ƙarfen ba ya mantuwa.

Abubuwa biyu ake dubawa wajen saye. Akwai irin makunnan da aka ƙera su kama sabon gefe kafin su saki tsohon, don amfanin kayan sauti. Waɗannan guba ne a nan. Ana son mai saki kafin ya kama, kuma tsayawar tsakiya ita ce shaidar haka. Sai kuma ƙarfinsa: tsohon akwati amfiya ɗaya ko biyu yake bayarwa, na DCC kuwa uku zuwa biyar, wasu har takwas ko goma, don shi kaɗai ke ciyar da dukan jirage. Makunnin da aka rubuta wa amfiya ɗaya narkewa zai yi.

Akwai hanyar da ta fi wannan arha, kuma ni na fi yarda da ita ga mai farawa. A bar wa layin baki ɗaya tak, wato soket guda a gefen tebur, kowane akwati a sa masa filogi. Rami ɗaya ba ya ɗaukar filogi biyu.

Inda mutane ke faɗawa shi ne tsohon layin nan da aka yanyanka gida-gida. Yana da sauƙi mutum ya cire akwatin direba na biyu ya sa na DCC a gurbinsa, ya tura dukan makunnan yankuna zuwa gare shi. Ranar farko lafiya lau. Ranar da aka manta yanki ɗaya a kan DC, jirgi zai zo bakin tsagin, tayar gaba ta taka wannan yanki, ta baya tana wancan, jikin jirgin ya zama gadar da ta haɗa akwatunan biyu. Ko taragon da ke da tayoyin ƙarfe ya isa ya yi wannan aika-aika. Saboda haka makunnin canji ɗaya ake sawa, a gaban dukan sauran, ya ɗauke teburin baki ɗaya. Wanda ya nace sai tsarin biyu sun yi aiki lokaci guda, ya yi layi biyu da ba sa haɗuwa ko ta ina.

Tarko na biyu ya fi ɓuya. Don tsimin waya, tsofaffin magina sukan yanka ƙarfe ɗaya kawai, ɗayan su bar shi ya zagaye teburin a matsayin hanyar komawa ta kowa da kowa. Makunnansu waya ɗaya suke yankewa. A irin wannan shimfiɗa, ko ka kashe makunni, akwatunan biyu suna riƙe da hannun juna ta ƙarfen da ba a yanka ba. Dole a yanke wayoyin biyu, shi ya sa makunnin yake da jere biyu. A riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi a gida.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna ɓata rana. Ƙwan fitilar tarago na volt 12 da ya saba da rabin wuta zai yi zafi har ya narka rufin roba in ya zauna a cikakkiyar wutar DCC. Ɗan kafasita da wasu kamfanoni ke sawa a mahaɗar waya da layi don hana damun rediyo yana dagula saƙon dijital, sai an cire shi. Na'urorin da ke juya wuta da kansu a inda layi ya zagayo ya koma kansa, na DCC ne, yawancinsu ba sa aiki da DC. Tsofaffin jirage kuma a tanadar musu ɗan layin ajiya mai makunninsa, a kashe kafin a koma dijital.

Waya ma sai an sake ta. Siririyar da ta wadatar da jirgi ɗaya ba za ta ɗauki amfiya biyar ba. Ana ja wayoyi biyu masu kauri, kamar milimita murabba'i 2.5, a ƙarƙashin tebur, a riƙa ɗaga ƙananan rassa zuwa ƙarfen layi duk mita ɗaya ko biyu. Dalilin ya fi ƙarfin gudu kawai. In waya ta yi siriri, haɗewar da ta auku can nesa ba za ta ja wutar da za ta farkar da mai tsaro ba, sai wurin ya yi ta zafi a ɓoye. Gwajin da masu abin ke yi abin dariya ne don sauƙinsa: a ɗora kwabon ƙarfe a kan layin biyu a wuri mafi nisa. In akwatin ya yanke wuta nan take, waya ta isa. In ya yi shiru, akwai aiki.

Daga tebur zuwa bango

Yanzu a ɗauki wannan zane a kai gida. Layin jirgi shi ne wayoyin ɗakuna. Akwatin farko kuran na kamfani, na biyu gurup, ko na'urar da ke mai da wutar batirin sola ta zama ta bango. Makunni mai tsayawa uku kuwa shi ne abin da masu aikin kuran a Nijar ke kira anbaser, a Kano da Katsina a ce canji-oba, wanda aka rubuta wa 1, 0, 2.

Buƙatarsa ta ƙaru a ƴan shekarun nan. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar NIGELEC daga Nijeriya take zuwa. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, Nijeriya ta yanke layin a watan Agusta, ba a maido ba sai Maris na 2024. A tsakanin nan tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki, gidaje da shaguna kuma kowa ya nemi madogara ta biyu. Ga garuruwa irin Abala da Sanam, masu nisa da Yamai, pano da batir da gurup ba sabon abu ba ne. Ƙasar da ta haifi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL, ba za a koya mata darajar rana ba. Abin da ke ƙaranci shi ne ɗan akwatin da ke tsakanin hanyoyin wutar.

Hanyar ganganci da aka sani ita ce waya mai filogi a kai biyu: a soka ɗaya a gurup, ɗaya a soket ɗin ɗaki, a ce ai za a tuna a kashe dijanta na kwantar, wato babban makunnin gidan. Ranar da aka manta, wutar gurup za ta bi waya ta fita titi. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba: yadda take rage dubban volt zuwa 220, haka take ɗaga 220 zuwa dubbai in aka ba ta ta baya. Ma'aikacin da ya hau fal-waya da tabbacin an kashe layi, shi zai karɓa. In kuma kuran ya dawo gurup na aiki, su biyun kowanne na juyawa sau 50 a daƙiƙa amma ba a tare ba. In suka yi karo a mummunan lokaci, bambancinsu ya kai volt 440. Gurup ne ƙarami, shi zai ƙone, wani lokaci har da firji da talabijin. Ban da haka, bakin filogin da ba a riga an soka ba tsirara yake, ɗauke da wuta, a gidan da yara ke rarrafe.

Darasin ƙarfen da ba a yanka ba shi ma yana nan. Wasu masu haɗa wuta sukan wuce da waya ɗaya kawai ta makunni, wadda ake kira faz, su murɗe wayoyin komawa na kamfani da na gurup wuri guda. A gida mai faz ɗaya, makunnin ya yanke wayoyi biyu. A wurin mai faz uku, kamar injin niƙa ko famfon burtsatse, ya yanke huɗu. Ƙarfinsa kuma kada ya gaza na dijantar gidan. Ana sayar da su amfiya 32, 63, 100 da sama, kuma mai araha da aka buga wa lamba babba amma harsunansa kamar gwangwani, nauyinsa a hannu ma zai tona shi.

Gefen batir yana da nasa hukunci da mutane ke rainawa, wai ai volt 12 ne kawai. Kaya masu cin wat 1,000 a kan 220 amfiya huɗu da rabi suke ja. Wat 1,000 ɗin nan daga batir mai volt 12 ya haura amfiya 80. Wayar da ke tsakanin batir da na'urar juya wuta dole ta zama gajera mai kauri, da fis a kusa da kan batir. Sannan makunnin da aka yi don wutar bango bai dace da wutar pano ba. Ta bango tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsin da ya tashi lokacin yankewa yana mutuwa da kansa. Ta pano da ta batir ba ta da wannan hutu, tartsatsin kan riƙe ya yi ta ci har ya cinye makunnin. A nemi wanda aka rubuta wa DC da yawan volt ɗin da zai ɗauka.

Akwai na'urorin sola na zamani masu canji a cikinsu, da akwatunan canji masu aiki da kansu. Ƙa'idar ba ta sake ba, hannu ne kawai aka cire. Na kirki suna da makunnan maganaɗisu biyu da wani ɗan ƙarfe a tsakani wanda ke hana ɗaya rufuwa in ɗayan na rufe. In mai haɗa maka ya ce zai yi da makunnai biyu ba tare da wannan sakata ba, ya mai da kai ga dogaro da sa'a.

Kafin a ba sabon haɗi wuta, a teburin wasa ko a bango, gwajin ɗaya ne. A kashe komai, a cire filogin gurup, a sauke dijanta, mai aikin ya tabbatar da awo cewa babu wuta. Ya sa mitarsa a wurin da take ƙara in waya biyu sun haɗu, ya ɗora tsinke ɗaya a mashigar hanya ta farko, ɗaya a mashigar ta biyu, waya bayan waya, ya tura hannun makunni 1, 0, 2. Mitar ba za ta yi ƙara ko sau ɗaya ba in aikin ya yi. Wajen amfani kuma, a rage kaya masu nauyi kafin canji, a bar gurup ya daidaita muryarsa, a ɗan tsaya a sifili. Firji da firiza a ba su minti uku zuwa biyar kafin a mayar musu da wuta, don injinsu ba ya son tashi iskar cikinsa na matse, kuma ga mai sayar da ƙanƙara a watan Afrilu, firizar ita ce jarin.